Ɓarawon Man Koriya

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da Gwaggo ta taso tun daga Madobi don ta kama ɓarawo a gidana ba. Fatar fuskata ta daɗe da warkewa, amma har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kumatuna sun ɗauki zafi.

Ni malamin gona ne. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina bin bakin kanal a kan babur, daga Kadawa zuwa ƙauyukan Bunkure, ina duba tumatir da albasa da shinkafar mutane, ina faɗa musu abin da rabinsa sun riga ni sani. Duk mai wannan aikin, rana ba ta raga masa. Ni dai ban taɓa damuwa ba, domin madubin da na saba kallo shi ne na babur, shi ma don in ga ko tirela na tafe a bayana.

Abin ya samo asali ne a wajen wani suna a cikin garin Kura. Ina zaune a kan tabarma tare da Sanusi, abokina tun ajin farko na firamare, wanda ya girme ni da wata huɗu cur (ina jaddada wannan domin yana da muhimmanci). Shi Sanusi a Abuja yake aiki, a ofis mai sanyi, rana ba ta ganinsa sai tsakanin ƙofa da mota. Sai wani baƙo, magidanci da hankalinsa, ya zo ya rusuna ya gaishe ni, ya ce, "Baba, barka da arziki." Na amsa. Sannan ya miƙa wa Sanusi hannu, ya waiwayo ya ce da ni, "Wannan shi ne babban naka?"

Sanusi ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ni ma na yi, irin wadda haƙora kaɗai ke yi. A hanyar komawa gida na yi ta juya maganar. Anya ba Sanusi ne ya turo mutumin nan ba? Kamar na ga sun haɗa ido kafin ya rusuna. Ina isa gida na wuce ɗakin matata Hajara, na tsaya gaban madubinta, wanda ba ya jin kunyar kowa. Goshina ya yi layi-layi kamar an yi huɗa. Gefen idanuna duk tamoji, tattarewar nan da tsufa ke fara sallama da ita. A ƙasan madubin kuwa, a jere, ga kwalabe bakwai.

Hajara malamar firamare ce. Ƙanwarta Nafisa, wadda ta karanta harhaɗa magunguna take kuma aiki a Kano, ita ta kawo mata kwalaben kwanaki kaɗan kafin sunan. Kayan gyaran fata ne na Koriya, rubutun jikinsu duk da'ira da sanduna, babu mai iya karanta shi a gidanmu. Ranar da ta kawo su ina falo riƙe da takardun aiki (riƙewa kawai), ina jin bayaninta ta bayan labule.

"Anti, wannan 'yar ƙaramar ita ce mai rage tamoji," in ji Nafisa. "Amma ƙarfi gare ta. Ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake, sau biyu a mako, in za ki kwanta. Sauran ranakun ki bar fatar ta huta, ki bi ta da wannan babban, shi ne mai gyara katangar fata. Da safe kuma kada ki kuskura ki fita ba ki shafa na rana ba."

To ni mutum ne mai zargi, wannan kowa ya shaida, kuma aikina ne ya mai da ni haka. Na ga buhun takin da rabinsa yashi ne. Na ga irin tumatir mai sunan Turai a jikin gwangwani, alhali a bayan gari aka shanya shi. Saboda haka da na tsaya gaban kwalabe bakwai, nan take na yanke hukunci: ɗaya ce mai aiki, shidan 'yan rakiya ne, dabarar 'yan kasuwa. Wai katangar fata. Fata gida ce da za a yi mata katanga? Shi kuma zancen sau biyu a mako, na ce wannan don fatar mutanen Koriya ne, waɗanda ba su taɓa tsayawa a gonar albasa da azahar ɗin bazara ba. Tawa fatar ta jeme, sai an ba ta da yawa kafin ta ji.

Washegari bayan na dawo daga masallaci, Hajara tana kicin tana dama koko, na lallaɓa ɗakinta. Na riga na wanke fuskata da sabulun salo har tana ƙara. Na buɗe 'yar ƙaramar, na ɗiga biyar a tafin hannu, na murza a goshi da kumatu da gefen hanci, na mayar da ita daidai inda take, har da juya rubutun ya kalli inda yake kallo. Sannan na hau babur na shiga rana. Haka na yi kullum.

Makon farko na ji daɗi. Fuskar ta ɗaure tamau, tana wani ƙyalli. Malam Ado, wani dattijon manomin albasa da nake zuwa gonarsa, ya dube ni ya ce, "Malam, kwanan nan sai sheƙi kake." Na ce masa natsuwa ce kawai. Ranar har na riƙa leƙa madubin babur ba don tirela ba.

A kwana na tara Hajara ta same ni ina cin abinci ta ce, "Malam, wani yana taɓa mini kwalba."

"Wace kwalba?" Na tambaya da sauri fiye da kima.

"'Yar ƙaramar. Sau huɗu kacal na shafa, amma ta kusa rabi."

Na ce mata wataƙila zafi ne yake busar da shi, ai ba a yi man don ƙasarmu ba. Ta dube ni ɗan lokaci, ta ɗauke kwano ta fita. Wannan kallon ya hana ni sukuni. Ta sani ne? In ta sani me ya sa ba ta faɗa ba? Washegari da na ɗauki kwalbar sai na ga ɗan siririn layi na jan biro a jikin takardarta, daidai inda man ya tsaya. Malama ta yi maki.

Mai hankali a nan zai ajiye ya tuba. Ni kuwa ɗiga biyar ɗina na yi, sannan na huda ledar ruwa na cike gurbin har ya kai layin. Na yi haka kwana uku, ina jin kaina gwani, har man da yake da kauri ya koma kamar tsinkakken koko.

Yanzu bari in gaya muku waɗanda ke gidan. Yaranmu biyu suna makarantar kwana. Daga ni sai Hajara sai ƙanwata Rabi, wadda ta dawo hannuna tana 'yar shekara tara bayan rasuwar mahaifinmu. Hajara ce ta raine ta, ita ta koya mata girki, ita ta riƙa yi mata kitso har ta girma. Lokacin saura mako biyar bikin Rabi da wani malamin asibiti da ta zaɓa da kanta, an fara yi mata gyaran jiki, kullum tsakar gida ƙanshin dilka. Idan man gyaran fuska ya ɓace a gidan da ke da amarya guda da malamin gona mai gemu, kowa ya san inda ido zai fara zuwa.

Ita kuwa fuskata ta fara nata bayanin. Da farko in na yi alwala sai in ji kamar an watsa mini ruwan barkono. Daga nan gefen hancina da kusurwar bakina suka fara ɗayewa. Ban tsorata ba, murna ma na yi. Na ce ai maciji ma sai ya yi saɓa kafin ya fito sabo, tsohuwar ce ke tafiya. Na ƙara ɗigo ya zama shida. Kafin mako na uku ya ƙare kumatuna sun yi dabbare-dabbare, wani wuri baƙi ƙirin wani wuri ja, goshina ya tsattsage kamar fangalin shinkafar da aka hana ruwa. Murmushi ma sai na yi shawara kafin in yi.

Malam Ado ya daɗe yana kallona a bakin gonarsa, ya jingina da fartanya, sannan ya rage murya ya ce, "Malam, tsakanina da kai, ko bilicin ka fara?"

Na ce a'uzubillahi. Na ce feshi ne, wani ne yake feshin maganin ƙwari a gonar tumatir iska ta kwaso ta watsa mini. Ya ce Allah ya sawwaƙe, amma na ga yadda ya kalli hannuwana, waɗanda lafiyarsu ƙalau. A hanya na tsaya na sayi takunkumi, irin baƙin nan na yadi mai rufe hanci da baki har ƙasan ido, na ja hula ta sauko ta rufe goshi. Labarin feshin na kai gida.

Hajara ta tausaya mini ƙwarai. Ta shiga ɗaki ta ɗauko babban man nan, ɗaya daga cikin 'yan rakiya, ta ce, "Shafa wannan, Nafisa ta ce shi ne mai kwantar da fata in ta fusata."

Na ce, "Ni da gemuna in shafa man mata?"

(A lokacin akwai ɗigo shida na man mata a fuskata.) Gaskiyar magana kuma tsoro na ji. Na ɗauka tarko ne, tana so ta ga ko hannuna ya saba da murza mai a kumatu.

Wata Laraba na dawo daga Bunkure na tarar da gidan tsit. Rabi tana ɗakinta, Hajara tana tsakar gida tana tsince shinkafa da ƙarfin da shinkafa ba ta buƙata. Ta ce ta yi wa Rabi magana. "Ban zage ta ba, Malam. Cewa na yi in tana so ta tambaye ni, zan ba ta. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ruwan da aka zuba. Ɗauka daban, ha'inci daban. Yarinyar da na goya."

Na gyara murya a cikin takunkumi na ce, "A yi haƙuri a bar maganar nan. Kayan duniya ne. A bar wa Allah."

Da yamma Rabi ta same ni ina goge babur. Idanunta sun kumbura. Ta ce, "Yaya, kai ma ka yarda ni ce?"

"Ni ban ce ke ce ba."

"Amma ba ka ce ba ni ba ce."

Na ci gaba da goge wurin da na riga na goge. Ta juya ta koma ciki. Wallahi a wannan lokacin maganar ta zo har bakina. Sai na hango kaina ina faɗa wa ƙanwar da nake yi wa faɗa a kan yawan kallon madubi cewa ni ne, na haɗiye. Na ce gobe. Gobe ta zo na ce jibi. Abin da na iya yi kawai shi ne na daina taɓa kwalbar, ina ganin hakan zai kashe wutar. Ashe fetur na zuba. Bayan kwana huɗu Hajara ta nuna mini sabon layin jan biro, man bai motsa ba, ta ce, "Ka gani? Daga yi mata magana an daina."

Rabi ta daina cin abincin gidan, sai ta dafa taliyarta ita kaɗai. Sannan ta kira Gwaggo, yayar mahaifinmu, ta ce ta zo ta tafi da ita, daga Madobi za a ɗauke ta zuwa gidan miji, ba za ta fita daga gidan da aka kira ta ɓarauniya ba. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Yarinyar da ta yi shekara goma sha biyar a hannuna a ce an ɗauki amarcinta a wani gida, dangin ango za su tambaya, gari zai tambaya, kuma abin da ke tsakaninta da Hajara ba zai sake ɗinkuwa ba.

Ranar Asabar da hantsi adaidaita sahu ta sauke Gwaggo a ƙofar gida. Ta haura saba'in, gajeriya, ba ta da ƙiba, amma ko mahaifinmu yana raye ba ya musu da ita. Aka yi dace, ko rashin dace, Nafisa ma ta zo daga Kano da atamfar anko. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya a tsakar gida. Gwaggo ta zauna a tsakiya, Hajara a dama, Rabi a hagu, Nafisa a gefe. Ni aka kawo mini kujera, a matsayina na mai gida, na hau na zauna da takunkumina da hulata kamar alƙalin da aka aro.

"Kai kuma yaron nan, mene ne wannan ka ɗaure baki kamar ɗan fashi?" in ji Gwaggo.

"Feshi ne, Gwaggo."

"Allah ya kyauta. A kawo mini abin da ake rigima a kansa."

Aka kawo kwalbar. Ta juya ta a hannu, ta ɗaga ta sama, ta ce, "A kan wannan abin da bai kai kwalbar kwalli ba za ku raba zumunci?" Hajara ta yi bayaninta, da layin biro da ruwa da komai. Rabi ta yi nata tana kuka, ta ƙare da cewa a ɗauko Alƙur'ani ta dafa.

Gwaggo ta ce, "Ba a gaggawar ɗauko Littafi a kan man shafawa. Amma in ta kai ga haka, kowa a gidan nan zai dafa, har mai gidan."

Gumi ya karyo mini a ƙarƙashin takunkumi. Wanda bai taɓa jin gumi a kan ɗayayyiyar fata ba, bai san raɗaɗi ba. Na fara lissafin ko in ce an kira ni a waya, ruwa ya ɓalle a kanal.

Sai Nafisa ta miƙa hannu ta karɓi kwalbar, ta girgiza ta, ta ce, "Gwaggo, ba sai an rantse ba. Wannan man shi ke tona asirin mai shafa shi. Rabi, matso in ga fuskarki." Ta kama haɓarta, ta juya ta dama da hagu a cikin haske. Fuskar Rabi sumul, sai hawaye.

"Ba ita ba ce," in ji Nafisa.

Hajara ta ce, "Ta yaya kika sani?"

"Anti, abin da ke cikin nan sunansa ritinol. Aikinsa ya sa fata ta riƙa sabuntawa da sauri, shi ya sa yake rage tamoji. Amma a saman fata akwai wani siririn rufi, shi muke kira katanga, shi ke riƙe danshi a ciki, ya hana zafi da datti shiga. In aka matsa masa da wannan ba a ba shi hutu ba, ba a bi shi da man da zai farfaɗo da shi ba, rushewa yake. Shi ya sa kika ga kwalaben da yawa. Mutanen Koriya kwana biyar suke yi suna lallashin fata saboda aikin kwana biyu. Wanda ya shanye fiye da rabin kwalbar nan a mako uku, fuskarsa ba za ta ɓoyu ba."

Gwaggo ta ce, "Yaya za ta yi?"

Nafisa ta fara lissafowa a yatsu, hankalinta kwance, ba ta ko kalli inda nake ba. "Za ta fara ɗaurewa tana ƙyalli. Sai ruwa ya riƙa yi masa zafi, ko alwala ya yi sai ya ji raɗaɗi. Sai gefen hanci da bakin leɓe su fara ɗayewa. In kuma yana shiga rana bai shafa na kariya ba, sai ta yi baƙi dabbare-dabbare."

Ina jin kurciya tana kuka a kan katanga. Hajara ce ta fara juyowa, a hankali, kamar wuyanta yana ciwo. Sai Rabi. Sai Nafisa, wadda sai a lokacin na ga idonta ya buɗe. Gwaggo ce ta ƙarshe.

"Yaron nan, sauke ƙyallen nan."

"Gwaggo, likita ya ce kada iska ta..."

"Sauke."

Na sauke. Ta ce in cire hular ma, na cire. Nafisa ta taso ta zo gabana, ta duba, ta ce cikin ladabi, "Yaya, wannan feshin mai tarbiyya ne. Bai taɓa kunne ba, bai taɓa wuya ba, daidai layin gemu ya tsaya."

A nan ne ya kamata in yi shiru, ko in ce na tuba. Amma bakina ya riga hankalina, na ji kaina ina cewa, "Ruwan ai ba shi da yawa, sau uku ne kawai na zuba."

Nafisa ta koma ta zauna, ta cusa fuskarta a cikin atamfar anko, kafaɗunta suna rawa. Gwaggo ta tafa hannu sau ɗaya ta yi salati a hankali. Hajara ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Malam, na zargi Rabi. Na zargi maƙwabta. Har aljanu sai da na zarga, na yi kwana uku ina tofa addu'a a kan madubi. Kai kaɗai ne ban zarga ba." Ni da na yi mako uku ina fassara kowane kallonta, ashe baiwar Allah tausayina kawai take ji.

Rabi ce kaɗai abin bai ba dariya ba. Ta share ido da gefen mayafi, ta ce, "Yaya, kana zaune ina kuka. Kana goge babur."

Duk raɗaɗin da na sha a makonnin nan bai kai wannan ba. Na sauko daga kujerar na zauna a ƙasa, domin na ga ba ni da abin yi a sama. Na ce mata ni ne, tun daga ɗigon farko har ruwan, kuma na san ana zarginta na yi shiru saboda kunya, ta yafe mini. Hajara ta matsa ta kama hannunta tana ba ta haƙuri, ita ma ta fara kuka. Gwaggo ta bar su suka yi mai isarsu, sannan ta juyo kaina. Ba zan kawo duk abin da ta faɗa ba, domin ya ɗauki har aka kira azahar. Ta dai tambaye ni ko shekara arba'in da takwas cuta ce, ta kuma ce ubana ya mutu da tamojinsa babu wanda ya fasa bin sa salla.

Da ta gaji, Nafisa ta ba ni nata hukuncin. Ba sauran sabulun salo a fuska. Ba sauran 'yar ƙaramar kwalba, ko kallonta kada in yi. Ruwa mai ɗan ɗumi, sabulu mai laushi, babban man nan safe da yamma, na rana kullum kafin in hau babur, da malafa in na shiga gona. "Kai ne fa kake hana manoma zuba taki a kan shukar da ke jin ƙishi," in ji ta. "Sai katangar ta gyaru tukuna, wata ɗaya ko biyu, sannan a yi maganar tsufa."

Na ce (kuma ina jin kunyar rubuta wannan), "To tamojin fa, kafin nan?"

Gwaggo ta cire takalminta ɗaya ta riƙe a hannu. Ban sake tambaya ba.

Rabi ta yafe, amma da sharaɗi. Ashe a cikin ɓacin rai Hajara ta faɗa wa maƙwabciyarmu Maman Sadiya cewa amarya na yi mata ɗauke-ɗauke. Rabi ta ce ba za ta shiga lalle da wannan sunan ba, ni zan je da ƙafata in gyara. Na je na yi sallama a zaure, fuska a buɗe, na faɗa wa mijinta, ita kuma tana bayan ƙofa tana ji. Faɗa wa Maman Sadiya magana daidai yake da kai sanarwa gidan rediyo. Kafin Litinin labarin ya riga ni isa Kadawa. Na tsaya a gonar wani ina bayanin yadda ake raba taki kashi uku kada a zuba shi lokaci guda, sai wani daga baya ya ce, "Malam, ɗigo nawa?" Suka yi ta dariya har da masu kwasar tumatir a gonar gaba.

Daga gidana aka ɗauki Rabi. Hajara ce ta riƙe hannunta har mota, su biyun suna kuka irin na gaske. Ni na karɓi baƙi a ƙofar gida da fuska kala biyu, domin ɗayewar ta tsaya amma baƙin bai gama bajewa ba. Mai hoto ya yi ta roƙona in ɗan juya gefe, na juya, ya ce in gwada ɗaya gefen, na gwada, ya haƙura ya ɗauka haka nan.

Sai da na yi wata biyu kafin alwala ta daina yi mini zafi. Yanzu ina da kwalabena uku na kaina, a fili, a kan tagar ɗakina: na wanki, na katanga, na rana. Bayan wata huɗu Nafisa ta yarda na koma wa 'yar ƙaramar, ɗigo ɗaya, Litinin da Alhamis, kamar azumin nafila. Tamojin suna nan, sun ɗan rusuna dai, kuma mun saba da juna.

Abin da na koya guda biyu ne. Fata ba ta son a yi mata dole, in ka ba ta aikin kwana biyu sai ka biya ta da lallashin kwana biyar, kuma na lura mutanen gida ma kusan haka suke. Na biyun shawara ce ga mata. In abu ya ɓace a gida, kuka ga mai gida ya fi kowa saurin cewa a yi haƙuri a bar wa Allah, kada ku wahalar da kowa da rantsuwa. Ku jawo shi cikin haske ku dube shi da kyau.